Zagaye Biyu a Kurmin Bakin Teku

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, ina jin ranar da muka shiga kurmin nan na bakin teku ita ce za ta rage ta ƙarshe. Na manta sunayen malamai da yawa da suka karantar da ni a Alƙahira, na manta lambobin motocin da nake hawa kullum, amma wannan Alhamis ɗin tana nan daram, har warin gishirin da ke cikin iskarta.

Wajajen ƙarshen shekarun casa'in ne, ina shekarar ƙarshe a jami'a. Mu biyu ne a wani ɗan ɗaki can ƙololuwar bene a unguwar Faisal, hawa na shida, ni da abokina. Ni Bakano, shi Bazazzagi, don haka ba sai an gaya muku yadda zaman yake ba. Da safe in ce masa, "Bawana, an ɗora ruwan shayin ubangidanka?" Shi kuma ya ce ai Bakano ko a makabarta aka kai shi sai ya tambayi farashin likkafani. Shekara huɗu muna haka. A garin da mutane ke cika titi kamar tururuwa amma ba mai sanin sunan unguwarku, wannan tsokanar ita ce gidanmu. Ba ni da wani aboki na ƙut-da-ƙut in ba shi ba.

Wata Laraba da la'asar mai kantin da ke ƙasan benenmu ya ƙwala mana kira, an bugo waya daga Nijeriya. A lokacin ta wayarsa ake samunmu. Abokina yana wajen darasi, sai na sauka ni. Yayansa ne.

Ya ce, "Kai ne abokin ɗakin nasa? To alhamdu lillahi da kai na samu. Inna Allah ya yi mata cikawa jiya, har an kai ta."

Na fara salati, ya katse ni. "Saurara, layin ba ya jira. Amana zan ba ka. Jarrabawarsa ta ƙarshe ce a gabansa, saura mako biyar da 'yan kwanaki. In ya faɗi, tallafin karatun ya tafi, wahalar shekara huɗu ta tashi a banza. Kada ya ji sai ya ajiye biro. Juma'ar da ta biyo bayan jarrabawar zan kira in yi masa gaisuwa, kafin nan ka gaya masa. Ka yi mini alkawari."

Na ce, "Na yi, Yaya."

A wajenmu haka ake yi, ba baƙon abu ba ne. Ɗalibi, ko matafiyi, ko mace mai tsohon ciki, akan ɓoye musu mutuwa har sai sun sauke abin da ke kansu, kuma ana yi ne don ƙauna. Har wani ɗan girma na ji a raina da aka zaɓe ni. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ban san nauyin abin ba sai da na hau benen nan hawa shida na tarar ya dawo, ya baje littattafai yana raira karatu, ya ɗago kai ya ce, "Ɗan kasuwa, wa ya kira?" Na ce wani ne ya yi kuskuren lamba.

Daga ranar na shiga wani kaɗaici da ban taɓa sanin irinsa ba. Ba ni da wanda zan gaya wa, don maganar da ta shiga kunne biyu a cikin ɗalibanmu, kafin magariba ta kai unguwar Ma'adi ta dawo. Mutum ɗaya da nake gaya wa komai kuwa shi ne aka ce in ɓoye wa. Sai na koma gudun ɗakinmu. In an tashi darasi in ƙi hawa mota, in taka har bakin Nilu in jingina da ƙarfen gada ina kallon ruwa, mutane suna bangazata suna wucewa. In na dawo in tarar da shi, bakina ya mutu. Ta yaya zan ce "bawana" ga mutumin da aka binne uwarsa bai sani ba? Tsokanar ta ɗauke ɗif. Na koma wanke masa kwano, ina juya masa fanka wajensa, ina tura masa tsokar naman da ke cikin miya. Ni a wautata, kyautatawa nake yi.

Babbar wautar tana gaba. Innarsa ba ta taɓa barin matafiyi ya taso daga Zariya hannu rabbana ba, sai ta ba shi ƙunshi: kuka, daddawa, da yajin da take dakawa da hannunta. A mako na biyu wani ɗan kasuwa na garinsu ya iso, kuma abokina ya san da zuwansa. Na riga shi zuwa masaukin mutumin. An riga an ja wa mutumin kunne tun daga gida, kuma ba shi da ƙunshin kowa. Na ga in aka ce babu saƙo, asiri ya tonu. Sai na nufi unguwar Ard al-Liwa wurin wata Bahaushiyar Sudan mai sayar da kayan miya, na sayi kuka da daddawa da yaji, na ƙulle su a tsohuwar leda, na kawo na ce ga saƙon Inna. Ya kwance, ya tsoma yatsa a yajin ya ɗanɗana, ya ce, "Allah ya saka wa Inna da alheri." Na juya baya ina yaba wa kaina dabara.

Ranar Lahadi ya rubuta takarda ta ƙarshe. Litinin na ce bari ya huta. Talata na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko akwai sauran sukari. Laraba na yini a waje. Rana ba ta ƙarya, Juma'a ta matso, kuma na san in na yi sake, a tsaye a cikin kanti, tsakanin buhun shinkafa da gwangwanayen man girki, zai ji yayansa yana yi masa gaisuwar uwarsa. Zai kuma gane cewa wanda suke kwana ɗaki ɗaya ya fi wata yana kallonsa yana yi masa ƙarya. Abin da na fi tsoro ke nan, na rantse. Ina tsoron in rasa shi.

Wani Bamisire ɗan ajinmu ya taɓa ba ni labarin wani kurmi gabas da Iskandariyya, itatuwan da aka dasa a bakin teku don su tare rairayi, da hanyar ƙafa a ciki mai sauƙin bi. Na ce wa abokina mu je mu sha iska tunda an gama. Na zaci zai ce Bakano da yawon banza, lallai akwai ribar da na hango. Bai ce ba. Ya ce, "To."

Da sassafe muka hau jirgin ƙasa, daga can muka shiga ƙaramar bas, hantsi ya ɗaga muna bakin ƙofar kurmin. Wani dattijo mai gadi yana zaune gefen butar shayinsa. Ya nuna mana shuɗin fenti a jikin wata bishiya, ya ce mu bi shi, tafiyar ba ta wuce awa ɗaya, ko tsohuwa za ta iya. Ya kuma zana da'ira a iska da yatsansa yana wani bayani. Kaina ba ya wurin, na ce masa "tamam", wato to, kawai muka wuce.

A garinmu, duk hanyar da ka gani a daji wani wuri take zuwa. Ko gona, ko rijiya, ko ƙauye, ko makabarta. Ban taɓa ganin hanyar da aka share don tafiya kawai ba. Saboda haka da muka sa ƙafa na yi wa kaina alkawari, na ce inda hanyar nan ta ƙare, nan zan gaya masa. Na ji sanyi a raina, don na sami awa ɗaya ta jinkiri.

Hanyar siririya ce, ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Ya shige gaba, ina binsa. Yawancin itatuwan wasu dogaye ne masu ganye siri-siri kamar tsintsiyar laushi, sai itacen turare, sai dabino jefi-jefi. Busasshen ganyen ya rufe rairayin, ka taka ba ka jin takunka. Bayan shekara huɗu cikin hon ɗin Alƙahira, shirun wurin har kunne yake toshewa. Iska in ta ratsa saman itatuwan sai ka ce ruwan sama ne ke tahowa daga nesa. Tekun kuwa muna jin numfashinsa ta hannun hagu, ba ma ganinsa. Ranar aiki ce, ba kowa. Muka tsallake wata 'yar gadar katako a kan magudanar ruwa, muka wuce wani benci da gishiri ya cinye ƙafarsa. Duk inda na ga wurin zama sai zuciyata ta ce ga wuri, ni kuma in ce mata ai ba a kai ƙarshe ba.

Ban taɓa jin nisa da mutum kamar yadda na ji a wannan tafiyar ba. Taku uku ne tsakaninmu. Ina kallon ƙeyarsa, ina kallon inda wuyan rigarsa ya fara zarewa, ina harhaɗa kalmomi a baki suna rushewa. Na tuna ban taɓa ganin Innar nan ba, muryarta kawai na sani a kaset ɗin da takan aiko, inda kullum take ƙarewa da cewa a gaishe da Bakanon nan, a ce masa ya ji tsoron Allah ya daina cinye wa ɗanta yaji. Na yi kuka a bayansa ba sauti, na goge da hular hannuna.

Can itatuwan suka buɗe, sai ga teku. Faɗinsa ya wuce yadda nake zato, ruwan toka-toka, da kwalekwalen masunta guda ɗaya can nesa. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya tsaya inda ruwan ke zuwa ya taɓa ƙafa ya koma. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Inna ba ta taɓa ganin teku ba."

Yau na san ƙofa ya buɗe mini, ya kuma tsaya yana jira in shigo. A ranar kuwa tsoro ya rufe mini ido. Na dubi shuɗin fenti, na ga hanyar ta ci gaba ta sake shiga cikin itatuwa, na ce ai nan ba ƙarshe ba ne. Kun san abin da na ce masa? Na ce, "Allah ya sa ta gani." Har gobe in na tuna wannan maganar sai na ji kamar in nutse. Ya sunkuya ya ɗauki takalminsa, ya ce, "Yalla, mu tafi."

Muka koma cikin kurmin. Yanzu tekun ya koma bayanmu, ƙararsa tana raguwa. Na daure zuciyata tamau, na shirya, ina leƙen gaba in ga inda hanyar za ta tsaya, ko katanga, ko wani dutse, ko wata bukka. Muka sha wata kwana, sai na hango hayaƙi, sai buta, sai dattijon nan a zaune yadda muka bar shi. Ƙofar da muka shigo ce.

Na tsaya turus. Raina ya ɓaci, kuma da yake ba ni da wanda zan huce a kansa, sai na nufi bawan Allahn nan na ce, "Ya sheikh, ina ƙarshen hanyar?"

Ya dube ni da mamaki, ya sake zana da'irar nan da yatsa. "Ai na gaya maka, ɗana. Zagaye ce. Nan ne farkonta, nan ne ƙarshenta. Khalas, kun gama."

Na rasa inda zan sa kaina. Ga ƙarshen ya zo, a gaban baƙo, a bakin titi, motoci suna wucewa. Awa ɗayar da na ara ta ƙare, ban faɗi komai ba, gobe kuma Juma'a. Abokina ya dube ni, irin kallon da ya daɗe bai yi mini ba, ido cikin ido. Ya ce wa dattijon, "Ma'alish, yi haƙuri, za mu sake zagayawa." Sannan ya ce mini, "Wuce gaba. Na gaji da jin idonka a ƙeyata."

Na shige gaba. Ashe abin da nake bukata ke nan. Ba fuskarsa a gabana, ba ƙeyarsa, sai itatuwa da shuɗin fenti. Ban jira benci ba, ban jira teku ba. Muna isa 'yar gadar katakon nan na ce, ina kallon gabana, "Ɗan'uwa, sai dai mu yi haƙuri. Inna Allah ya yi mata cikawa."

Da yake ƙasar ba ta ba da sautin taku, ban san ko yana biye da ni ba ko ya tsaya. Na juya. Yana zaune a kan rairayi, ya miƙe ƙafafu, takalminsa a hannu.

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wace rana?"

"Talata. Yau kwana arba'in da huɗu."

Ya ƙirga da yatsu a hankali. "Ranar da na rubuta takardar ƙarshe ke nan aka yi sadakar arba'in." Ya gyaɗa kai. "Ranar ce kawai ban sani ba."

Na ce, "Ban gane ba."

"Inna ba ta taɓa daka yaji ba kimba ba. Tun ina goye. Abin da ka kawo mini barkono ne da gishiri da citta. Kuma ita ba ta ƙulli da leda, da ƙyallen tsohon zaninta take ɗaurewa." Ya share fuska da tafin hannu. "Kafin yajin ma, Bakano ya yi kwana goma bai ce mini bawansa ba, yana tura mini nama. Ai labarin zuciya a tambayi fuska."

Na ce, "To me ya hana ka tambaye ni?"

"In tambaye ka, in sa ka ci amanar da aka ba ka, ko ka dubi idona ka ƙara mini wata ƙaryar? Na san Yaya ne ya ɗaure ka. Kuma muddin ba ka faɗa ba, ina da abin riƙewa, ina ce wa kaina ƙila ciwo ne ya kwantar da ita." Ya dube ni. "Famfon da nake bari yana zuba a banɗaki, ka zaci wanka nake yi?"

Na tuna yadda nakan ji ruwan nan yana ta zuba, in ce a raina bari in ƙyale shi, maraya ne bai sani ba. Ɗaki ɗaya, katifa biyu, tazarar da ba ta fi kamu huɗu ba, kowa yana nasa makokin a ɓoye don kada ya ɗaga wa ɗan'uwansa hankali. Ni ina bakin gada, shi yana bakin famfo.

Sai ya faɗi maganar da ta karya ni. Ya ce, "Ka san abin da ya fi ci mini rai? Wata guda ina da mutuwar uwa a ciki, har yau ba mutum ɗaya da ya yi mini gaisuwa."

A gida da yanzu an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suna zuwa rukuni-rukuni, ana ɗaga hannu ana saukewa, har mai makoki ya gaji da amsawa. Shi kuwa ga shi a rairayin ƙasar wasu, ba kowa sai ni. Na cire takalmina, na zo gabansa na durƙusa kamar yadda ake yi wa manya. Na ce, "Ya muka ji da haƙuri?"

Ya ce, "Da godiya."

Na ce, "Allah ya jiƙan Inna, ya gafarta mata, ya sa ta huta. Allah ya haskaka kabarinta, ya ba ku haƙurin rashinta. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani."

Yana cewa amin, amin, har muryar ta ƙwace masa. Muka ɗaga hannu muka yi mata addu'a, sannan ya yi kukan da ya fi wata yana haɗiyewa, da ƙarfi, ba famfo. Na zauna kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa, ban ce masa ya yi shiru ba.

Mun ƙarasa zagayen. A bakin teku muka yi alwala muka yi azahar. Da muka fito, dattijon ya dubi idanunmu, bai tambayi komai ba, ya zuba mana shayi a 'yan kofunansa. A jirgin dawowa ba mu yi magana ba har muka wuce gonaki da yawa, ina ta jiran hukuncina. Can ya ce, yana kallon taga, "Wai a ce Bakano, jikan 'yan kasuwa, mace ta sayar masa da barkono da gishiri a sunan yaji, ya karɓa har da godiya." Na buɗe baki in rama, hawaye suka riga ni. Da ƙyar na ce, "Yi mini shiru, bawana." A nan na san ban rasa shi ba.

Ya ci jarrabawarsa. Har yau ban san ko ɓoyewar ta taimaka masa da wani abu ba, tunda da mutuwar a cikinsa ya rubuta kowace takarda, kuma shi kaɗai. Ba na zargin yayansa, ƙauna ce ta sa shi, ni ma ita ta sa ni. Amma abin da wannan rana ta koya mini shi ne, wanda ya san ka ba ka iya ɓoye masa mutuwa, gaisuwa kawai kake hana shi. Na kuma koyi cewa mai jiran ƙarshen hanya kafin ya faɗi magana mai nauyi, yana iya samun kansa a ƙofar da ya shigo. Sau biyu bayan nan aka sake kirana aka ce ga amana, a ɓoye wa wane sai ya gama kaza. Duka biyun na ce a yi mini afuwa, ba zan iya ba. Na ce in dai ni aka zaɓa, to yau zan je, in cire takalmina, in zauna kusa da shi in gaya masa.